Ɗaurin shekara 10 zai hana a zalunci jaki? Amsa ga wata malamar makaranta

"Likita, ni malamar firamare ce. Makonni 3 da suka wuce, a bakin layinmu, wani mai ɗibar yashi ya yi ta jibgar jakinsa da gora saboda ya durƙushe da kaya ya kasa tashi. Gadon bayan jakin duk gyambo ne, ƙuda na bi. Yaran ajina suna tsaye suna kallo, wasu har da dariya. Na yi masa magana, ya ce da kuɗinsa ya saya. Maigidana ya raka ni ofishin 'yan sanda, wanda muka tarar a kan kanta ya ce ba su da hurumin shiga tsakanin mutum da dukiyarsa. Washegari jakin ya mutu a wurin. Shin da gaske babu doka a kan wannan? Ni da wasu malamai muna son rubuta wa majalisa mu nemi a sa ɗaurin shekara 10 ga duk wanda ya zalunci dabba. Hakan ya dace? Ta ina za mu fara?"

Malama, Allah ya saka miki da alheri, ke da maigidanki, da ba ku kau da kai ba. Tambayarki kashi uku ce: ko akwai doka, ko tsananta hukunci zai yi magani, da kuma ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Ni likitan dabbobi ne, na yi shekaru ina aiki tsakanin asibitin dabbobi, kara da mayanka, kuma na taɓa tsayawa gaban alƙali ina ba da shaida a kan raunin dabba. Da wannan idon zan ba ki amsa. Tsara lafazin doka kuwa aikin lauya ne, idan kun zo rubuta takardarku ku nemi ɗaya ya zauna da ku.

Akwai doka, kuma ta girme mu

Abin da aka gaya muku a kan kanta ba daidai ba ne. A jihohin Arewa, kundin hukunta laifuka da ake kira Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya ware babi guda a kan zaluntar dabbobi. Sashe na 207 ya ce duk wanda ya yi wa dabbar gida mugun duka, ko ya azabtar da ita, ko ya shirya faɗa tsakanin zakaru ko raguna, ana iya ɗaure shi har shekara 1, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyun. Sashe na 208 kamar don jakin layinku aka rubuta shi: ya hana a labta wa dabba kayan da suka fi ƙarfinta, ya hana a sa dabba aiki alhali tsufa ko ciwo ko rauni sun hana ta iyawa, ya kuma hana a yi sakaci da ita har ta wahala. Sashen da ke biye ya ba kotu ikon sa a karɓe dabbar a ajiye ta a wani hannu. Babu inda aka ce mai dabbar ya fita daga cikin hukuncin. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, kamar Kaduna a 2017, don haka lambar sashen na iya sauyawa, sai ku duba na jiharku.

A mafi yawan jihohin Kudu, kundin Kiriminal Kod ne ke aiki, sashe na 495. Lafazinsa kusan kwafi ne na dokar da Ingila ta yi a 1911. Hukuncinsa ɗaurin wata 6 ko tarar Naira 50. Ba kuskuren rubutu na yi ba, Naira 50, kuɗin da yau ba zai sayi damin harawa ɗaya ba. Tarar da ke cikin namu na Arewa ma da fam aka fara rubuta ta, kuɗin da muka daina kashewa tun 1973. Su Ingilan da aka kwaso lafazin daga wurinsu sun sake dokarsu ɗungurungum a 2006, sannan a 2021 suka ɗaga iyakar ɗaurin daga wata 6 zuwa shekara 5. Mu muna nan inda aka bar mu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kallon maganar kamar baƙuwa ce, wai tausayin dabba al'adar Turawa ce. Ɗalibin da ya yi karatun zaure ya san ba haka ba ne. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da alƙalanmu suka yi ta hukunci da shi tun kafin zuwan Bature, an faɗa a babin ciyarwa cewa wajibi ne mutum ya ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, idan ya ƙi a sayar da ita, haka nan idan yana ɗora mata aikin da ba za ta iya ba. Har nono an ce ba a tatsar abin da zai cutar da ɗan da take shayarwa. Ki lura da hukuncin: a raba shi da dabbar. Zan dawo kan wannan, domin a ganina ya fi duk wani ɗauri amfani. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim. A cikin Muslim akwai cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Don haka "da kuɗina na saya" ba hujja ba ce, a kotu ko a gaban malami.

Me ya sa dokar take kwance?

Dalili na farko shi ne wanda kika gani da idonki. Ɗan sandan da ke kan kanta ya saba da shari'ar dabba iri ɗaya tak, wato wani ya kashe ko ya sace ko ya raunata dabbar wani. Wannan ɓarnar dukiya ce, akwai mai ƙara, akwai wanda zai yi ta zarya har a biya shi. Amma idan mai dabbar ne da kansa ya zalunce ta, wa zai yi ƙara? Jaki ba shi da baki, maƙwabci kuma yana gudun a ce ya cika shisshigi. Laifin da ba shi da mai bibiya, ko yana cikin kundi, mutuwa yake yi a bakin ƙofar ofis.

Na biyu, ko an kama mutumin, ina za a kai jakin? Ofishin 'yan sanda ba shi da turke, ba shi da dusa, ba shi da mai ba da ruwa. Na taɓa zuwa duba wata saniya da aka tsare a matsayin shaida a harabar wani ofis. Kwana 4 tana ɗaure a jikin tsohuwar mota, cikin rana, sai wanda ya ji tausayi ya miƙa mata ruwa a bokiti. Da na ja fatar wuyanta na saki, tsayawa ta yi a tattare ba ta koma ba, alamar ruwan jikinta ya ƙare. An karɓo ta ne don a yi mata adalci, ta fi wahala a hannun hukuma fiye da inda aka ɗauko ta. Jami'in da ya taɓa shiga irin wannan rigima, gobe ko an kawo masa ƙara zai ce a je a sasanta.

Na uku, hujja. Kalmomi irin su "mugun duka" da "kayan da suka fi ƙarfi" ba su da ma'auni a cikin dokar. Mai jaki zai ce taɓa shi kawai na yi, dama ba shi da lafiya. Idan babu takardar likita da ta bayyana raunin, tsawonsa, zurfinsa, sabo ne ko tsoho, alƙali ba shi da abin riƙewa. Gawar dabba kuma ba ta jira, kafin a ce me, masu fata sun feɗe ta ko an ja ta an yar a bayan gari.

Batun shekara 10

Na fahimci zafin da ya sa kuka ambaci wannan adadi. Wanda ya ga abin da kika gani dole zuciyarsa ta tafasa. Amma ina ba ku shawara kada ku sa shi a gaban takardarku. Abin da ke hana mutum aikata laifi ya fi rataya ga tabbacin za a kama shi, fiye da girman hukuncin da ke rubuce. Yau shekara 1 ce a kundi, kuma mai yashin nan bai ji ko ɗar ba, saboda bai taɓa jin an kama wani ba. Idan an mai da ita 10, kuma har yanzu ba a kama kowa, jakin gobe zai sha gorar da na jiya ya sha. Ƙari a kan haka, hukuncin da ya yi nauyi fiye da yadda jama'a suke ganin laifin yakan sa kowa ya ja baya. Shaida zai ce ba zan sa a ɗaure mai iyali shekara 10 a kan jaki ba, mai unguwa zai shiga tsakani, ɗan sanda ya samu abin tsoratarwa a bakin hanya, talaka ya biya a sake shi, dabbar kuma ba ta ƙaru da komai ba.

Ba ina cewa a bar hukuncin yadda yake ba. Dole a ɗaga shi. Sai dai masu zaluntar dabba ba iri ɗaya ba ne, kuma dokar da ta yi musu kuɗin goro za ta bar jaki ta daki taiki.

Akwai mai mugunta tsagwaronta: wanda zai watsa wa kare tafasasshen ruwa, ya ɗaure wa kyanwa leda a wutsiya ya cinna wuta, ya sassare ƙafafun shanun wani don ya huce haushin mai su, ko ya azabtar da dabba yana ɗauka da waya don a kalla. Wannan ya cancanci ɗauri na gaske, na shekaru, ba tare da zaɓin tara ba. Amurka ta yi dokar tarayya a 2019 da ta kai shekara 7 a kan irin wannan azabtarwa, kuma tun 2016 hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar take ƙidaya zaluntar dabba a matsayin laifi mai zaman kansa, saboda an lura hannun da ya saba da azabtar da dabba sau da yawa ba ya tsayawa a kan dabba. A aikina, gidan da na tarar ana yi wa dabba irin wannan ƙeta, nakan fita ina tunanin matan gidan da yaransa.

Akwai kuma zaluncin neman riba, wanda shi ne mafi yawa, kuma shi ne ba a ɗauka laifi. Je ki Maigatari ko Potiskum ko Wudil ranar kasuwa ki tsaya inda ake lodi. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, tirela takan kwana 2 ko 3 a hanya. Ana cusa shanu fiye da abin da motar za ta ɗauka, a ɗaure ƙaho a jikin ƙarfe, a shimfiɗa katako a sama a zuba awaki, mutane su hau can ƙololuwa. Wadda ta faɗi a ƙasa, sauran su yi ta tattaka ta. Don a tashe ta sai a murɗe mata wutsiya har ta karye, ko a zuba mata barkono a ido. Na sha tsayawa a wurin sauke kaya ina ganin sa ya fito ƙaho ɗaya a karye jini na zuba, ido ya faɗa, hanci a bushe. A wasu mayanku kuma, sa ya yi gardama sai a sare masa agara ya zube, a ja shi a ƙasa zuwa wurin yanka, ana wasa wuƙa a gabansa, alhali hadisin da ke cikin Muslim ya ce a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta yi maganar tsayawa a hanya a ba dabbobin fatauci abinci da ruwa da hutu. Wuraren da za a tsaya a yi hakan ne babu.

Mai irin wannan sana'a lissafi yake yi. Idan ƙara shanu 5 a mota zai kawo masa ribar da ta ninka tarar sau ɗari, zai ƙara. Maganinsa tara ce da ake lissafawa a kan kowace dabba, ba a kan mota ba, da tsare motar, da janye izinin lodi idan ya maimaita. Kuma a nan kuna da hujjar da 'yan kasuwa za su saurara, domin asarar tasu ce. Dabbar da ta galabaita kafin yanka, sukarin da ke ajiye a tsokarta ya ƙone, naman sai ya fito baƙi-baƙi, a bushe, ya yi saurin lalacewa a kan teburin mahauci. Inda sanda ta sauka jini yakan kwanta, dole a yanke a zubar. Fata kuma, majema a Kano sun san yadda tabon bulala da na lalas ke karya darajarta, har da ta jar akuyar Sakkwato da duniya ta san kyanta.

Sai na uku, wanda nake zaton mai yashinku yana ciki, ko da yake abin da ya yi ya wuce gona da iri: talaka mai aiki da dabba ɗaya, cikin rashi da rashin sani. A nan zan ɗan daɗe, domin su na fi gani. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Doki idan cikinsa ya murɗa zai yi ta birgima kowa ya sani, jaki kuwa sai dai ya sunkuyar da kai, kunnuwa su kwanta, ya rage cin abinci. Mai shi sai ya ce taurin kai ne. Duk ranar da kika ga jaki ya durƙushe da kaya ya ƙi tashi, ba gardama ba ce, ƙarfinsa ne ya ƙare, wataƙila ya yi makonni yana fama. Gyambon bayan nan kuma kusan kullum daga akumari ne: ya tsufa, cikinsa ya dunƙule, ko an ɗora mangala a kan tsumma ɗaya, nauyin yana gugar ƙashin baya. Sai a shafa baƙin mai ko garin batir a kan mikin, a mayar da kayan a kai da asuba.

Wani dattijo mai ɗibar ƙasa ya taɓa kawo mini jakinsa a haka, miki kamar tafin hannu a gadon baya, ya fara tsutsa. Na wanke, na sa magani, na ce sai ya huta sati 3. Ya dube ni ya ce, "Likita, idan ya huta sati 3, mu kuma mu ci me?" Ba shi da mugun nufi, yana kiran jakin da suna, yana shafa masa wuya muna magana. Muka zauna da wani baduku, aka sake ɗinka akumarin, aka yi masa rami daidai wurin mikin yadda nauyi zai sauka a gefe biyu na haƙarƙari, aka rage kayan zuwa rabi, aka daina fita da tsakar rana. Mikin ya warke yana aiki. Da an ɗaure dattijon nan, da iyalinsa sun rasa abinci, jakin kuma a sayar wa masu fata. Irinsa gargaɗi a rubuce yake bukata, da wa'adin gyara, da likitan da zai duba. Idan ya yi kunnen ƙashi bayan gargaɗi, sai a karɓe dabbar a sayar a ba shi kuɗinsa, a hana shi riƙe wata na wani lokaci, kamar yadda malaman fiƙihu suka faɗa.

Abin da zan so in gani a takardarku

Da ni ne, zan fara da neman a ɗora wa duk mai dabba nauyin kula da ita a fili: ci, sha, inuwa, magani idan ta yi ciwo. Wannan shi ne babban sauyin da Ingila ta yi a 2006, ya ba jami'i damar shiga tun dabbar ba ta kai ga faɗuwa ba. Ba sai mun tsallaka teku ba ma, Tanzaniya ta yi cikakkiyar dokar walwalar dabbobi tun 2008.

Sannan a sa ma'auni da lamba, yadda mai unguwa ma zai iya aunawa. Indiya ta yi haka tun 1965: jaki ba ya ɗaukar fiye da kilo 50 a bayansa, wato nauyin buhun siminti 1, ba a sa dabba aiki fiye da awa 5 a jere ba hutu, kuma inda zafi ya wuce digiri 37 ba a aiki da ita daga ƙarfe 12 na rana zuwa 3. Ki tuna zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ki ga ko ba mu fi kowa bukatar irin wannan ƙa'ida ba. Haka za a ƙayyade shanu nawa tirela za ta ɗauka. Tara kuma kada a sake rubuta ta da adadin Naira a bar ta, shekara 10 masu zuwa za ta zama abin dariya kamar Naira 50 ɗin nan. A ɗaura ta da darajar dabbar a kasuwa, ko da mafi ƙarancin albashi, ta riƙa tashi da kanta.

A ba likitocin dabbobi da ma'aikatan duba nama ikon rubuta gargaɗi da tsayar da lodi, tunda su ne dama suke kara da mayanka kullum. A tanadi turke a asibitin dabbobi na kowace ƙaramar hukuma inda za a ajiye wadda aka karɓe, kuɗin ciyarwa ya fito daga mai ita ko daga kuɗin sayar da ita. Idan babu wannan turken, duk sauran rubutu ne kawai. Ɗauri mai tsawo kuma ku ajiye shi ga mai ƙeta da gangan da wanda ya maimaita.

Ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Mutane da yawa suna zaton sai Abuja. Hukunta irin wannan laifi yana hannun majalisar dokokin jiha, ita ce za ta gyara kundin jiharku. Ku kai wa ɗan majalisar mazaɓarku, ku ba kwamitin aikin gona da na shari'a kwafi, ku kai wa ma'aikatar shari'a da daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha. Abin da ya shafi safara daga jiha zuwa jiha shi ne na tarayya, kuma tun 2024 akwai ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi mai zaman kanta da za a iya tura wa wannan ɓangaren.

Amma ƙofar da ta fi kusa da ku, wadda kowa yake tsallakewa, ita ce ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na 4, ya ba ta kula da kasuwanni, mayanku, tashoshin mota, da ba da lasisin amalanke da kura. Ke nan kansiloli suna iya yin dokar gida da za ta ce ba a lodi da jaki mai miki, ba a sare agara a mayanka, ba tare da jiran kowa ba. Kuma kafin ku je, ku bi ta wurin sarkin pawa, sarkin zango, shugaban masu jakuna da na direbobi. Dokar da aka yi da su, su za su tsare ta, wadda aka yi a bayansu kuwa ranar da jami'i ya juya baya ta ƙare. Na ga inda sarkin pawa ya hana jan dabba a ƙasa da baki kawai, ya ce duk wanda ya yi ba zai yi yanka ba sati guda, aka daina. Ku sami limamin Juma'a ya yi huɗuba a kai a makon da za ku miƙa takardar. Kada ku ɗauka gwamnatoci ba sa motsi a kan dabba: Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016 da ta ga masu sayen fata za su ƙarar da su, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka sun amince a Adis Ababa a dakatar da yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya. Jaka takan yi kusan shekara guda da ciki ta haifi ɗa ɗaya, shi ya sa wanda aka kashe da gora ba a saurin mayar da gurbinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan hanya tana da tsawo, kuma doka ba ta shiga cikin gida ta ga akuyar da aka bari a turke ba ruwa. Za ku ji ana cewa mutane ma ba su samu adalci ba balle dabba. Idan an faɗa miki haka, ki ce jakin nan shi ne jarin gidan mai yashin, mutuwarsa yunwa ce ga 'ya'yansa, kuma yaran da suka tsaya suna dariya su ne za su riƙe mata da 'ya'ya da marasa ƙarfi gobe. A kan yaran nan kin fi ni iko nesa ba kusa ba. Ki tambaye su a aji abin da suka gani, ki bar su su faɗa da bakinsu, ki ba su labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare da ya ga yana lasar ƙasa don ƙishirwa.

Idan kuma kika sake cin karo da irin wannan, abu na farko a sauke kayan, a ja dabbar inuwa, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Kada ki tsaya cacar baki da mutum yana riƙe da gora cikin fushi, ki kira mai unguwa ko wani dattijon da yake jin nauyinsa. A ɗauki hoton raunin da na kayan, a rubuta rana da lokaci, a samu mutum 2 da suka yarda su yi shaida. A kira ma'aikacin asibitin dabbobi mafi kusa ya duba ya rubuta takarda, ko da dabbar ta mutu, kafin a feɗe ta. Da wannan takarda za ku koma ofishin 'yan sanda ku nemi ganin babban jami'in wurin, ku ambaci sashen dokar da lambarsa. Idan an ƙi saurarenku, a jihohin Arewa mutum yana iya shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare, lauyan da zai taimaka muku da takardar majalisa shi ma zai iya rubuta muku wannan.